Tsakaninmu: Takalmi Mai Tsada Yana Cin Kuɗinsa Kuwa?

Ku matso kusa, 'yan uwa, a gyara tabarma, yau hirar ƙafa za mu yi. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zare takalmi a ɓoye ƙarƙashin kujera wurin biki ba? Fuska tana murmushi, ɗauri ya zauna daram, ana ta ɗaukar hoto, amma can ƙasa ƙaramin yatsa yana ta zogi, diddige ya yi bororo, kina ta addu'a a zuci kada a kira sunanki fili. Da an kira kuwa, sai a shiga laluben ƙafa ɗaya da ta sulale ta koma ƙarƙashin kujerar wata. Kun ga yadda kowa ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya? Ashe dai duk mun san hanyar, hahaha.

Abin da ya tayar da zancen, malamarmu ce, wadda ke koyarwa a firamare. Ta kwashi adashinta, muna jiran mu ga atamfa ko tukunya, sai ga ta da takalmi. Ba mai ƙyalli ba, ba mai tsini ba, wani baƙi ne mai faɗin baki, na fata, ƙasansa da kauri da taushi. Gwaggo ta ɗaga shi, ta juya, ta tambayi kuɗin, da ta ji sai ta dafe ƙirji: "Ke ɗiyata, wanga takalmi da zinari anka yi shi? Kuɗɗin 'yar akuya kinka ɗauka kina takawa cikin ƙasa?" Malama ta yi ƙasa da murya ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, tun da na fara sa shi ban ƙara jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare ba." Daga nan muka rabu gida biyu, masu cewa almubazzaranci ne da masu cewa ta yi wa kanta gata, aka yi ta musu har shayi ya huce. Ni dai ina bayan malama, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nake so mu tattauna, ƙawayen arziki.

Mu fara tausaya wa ƙafar nan tukuna. Ƙashi 26 ne a kowace ƙafa, da gaɓoɓi 33, in aka haɗa biyun sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan jiki gaba ɗaya. Su ne ke ɗauke da mu tun kiran assalatu, daga madafa zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gidan suna, da goyo a baya da kaya a ka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma aikinsu ya ƙaru, domin inda da za ki tsayar da ɗan kabu-kabu, yanzu sai ki ji kuɗin, ki ce bari dai in taka, ai ba nisa. Ki tuna mai tuyar masa da ke tsugunne tana tashi, da ungozomar asibiti da ke kwana tsaye, da yarinyar da ke zagaye da faranti, da malama da ke gaban allo har azahar. Akwai wani ciwon diddige da da yawanmu muka sani, wanda ke sukar mutum a takun farko da safe in ya sauko daga gado, sai an ɗan ɗingisa kafin ya saki. Wata jijiya ce mai faɗi a tafin ƙafa ke gajiya, kuma doguwar tsayuwa a kan takalmin da ya mutu tana ƙara mata wahala. Muna shafa mata man zafi, mu ce gajiya ce, gobe mu sake zura silifas ɗin nan dai. Allah sarki ƙafa.

To ga inda nake ganin lissafinmu ya juye. Ba wai ba ma kashe kuɗi a takalmi ba ne, muna kashewa sosai, sai dai a kan wanda ba ma sawa. Ku buɗe akwatin lefen kowace amarya daga nan har Bakura, za ku ga takalma da jakunkuna saiti-saiti, kowane da kalarsa, masu duwatsu, masu tsini, masu igiya har ƙauri. Ana sa ɗaya ranar walima, ɗaya ranar suna, sauran suna kwance cikin leda har zafi ya ɓanɓare musu fata, gam ya saki, ranar da aka ɗauko sai a ga ƙasan ya rabu da saman. Tsinin kuma ina zai taka a rairayinmu? Taku ɗaya ya nutse, taku biyu ki riƙe kafaɗar ƙawa. Shi kuwa takalmin da ke kai mu ko'ina, safe da yamma, rani da damina, shi ne muke tsayawa muna ja-in-ja da mai kaya a kan naira ɗari, mu zaɓi mafi araha, mu sa shi har diddigensa ya koma kamar ɓawon albasa, maɗaurin ya tsinke mu soka masa ƙusa ko mu ɗaure da zare. Kada wadda ta ce ba ta taɓa ba, na ga idonki, hahaha.

Ku zo mu yi ɗan lissafi, misali kawai. A ce silifas na dubu biyu, kina canza shi duk wata biyu, a shekara ya tashi dubu goma sha biyu, ƙafa kuma ba ta huta ko yini ɗaya ba. A ce kuma na fata mai kyau dubu goma sha biyar, ya yi miki shekara biyu, tare da ɗan kuɗin ɗinki sau ɗaya ko biyu. Kun ga wanda ya fi tsada a ƙarshe. Dama an ce araha ba ta ado. Amma kada mu yi wa juna rashin adalci, ba rashin wayo ke sa mu sayen na araha ba. Dubu biyu ana iya fitar da ita yau daga kuɗin cefane, dubu goma sha biyar kuwa sai an tara, kuma kafin ta taru ga kuɗin magani, ga gudunmawar biki, ga awo ya ƙare. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, mu kuwa mafi yawanmu ba ma cikin masu albashin ma. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke sayen abu sau shida, ya biya fiye da mai hali. Shi ya sa dabarar malama ta burge ni, da ta bari sai ranar kwasarta. Adashi ai don irin wannan aka yi shi, hmm.

Yanzu ga sharaɗin. Tsada daban, daɗin takawa daban. A 2007 wasu masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Scotland sun gwada takalman gudu masu araha da matsakaita da masu tsada, suka rufe tambarin, suka ba mutane suka taka, suna auna nauyin da ke sauka a tafin ƙafa. Sai ga shi masu arahar ba su gaza masu tsadar ba wajen tare nauyi, masu sawar kuma ba su ji masu tsadar sun fi daɗi ba. Kun ji fa, a can ma inda kayan suke na asali. Balle nan, inda kuɗin takalmin waje ya ƙunshi canjin dala da kuɗin kwastan da hayar shago da sunan da aka manna masa, sunan ma wani lokaci na aro ne. Sau nawa aka kawo mana wani a kwali mai kyau, aka ce ɗan Italiya ne ko ɗan Dubai, wata uku ya fara sassaɓewa, sai ga yadi a ƙarƙashin abin da aka ce fata ce? Kuɗin da ya tafi ga suna da kwali, ƙafa ba ta san an kashe shi ba. Kayya.

Abin da ke sosa min rai kuma, 'yan uwa, fatar da ake yi wa wannan tsadar tamu ce. Jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda ke yawo a lungunanmu tana cinye mana shanya, fatarta tana cikin waɗanda duniya ta fi so saboda laushi da ƙarko. Tun zamanin fatake ake jeme ta a ƙasar Hausa, a rina ta ja da karan dafi, raƙuma su ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun 'yan Arewacin Afirka su ce fatar Maroko ce. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana ɗinka takalma ana fitar da su ƙasashe masu nisa, har ya yaba kyawun aikin. Yau ma masana'antun jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa, suna tura fata Italiya da Sifen, a yanka ta a ɗinka, ta dawo mana da sabon suna da kuɗin da ba ma iya tayawa. Ta shanu kuma da ya kamata ta zama ƙirgi, mun babbake ta mun jefa a miya. Wace ce ke ƙin ganda a nan? Ku ɗaga hannu mu gani. Babu ko ɗaya, hahaha, to mu ma da hannunmu a ciki.

Don haka in kun tambaye ni takalmin da ya fi cin kuɗinsa, zan ce wanda baduku ya yanka a kan ƙafarki. Ku tuna yadda abin yake. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ce taka, ki miƙe tsaye sosai don ƙafar ta baje, ya zagaye ta da biro, alƙalamin yana miki cakulkuli a gefen tafin ƙafa kina janyewa. Ya ce kawo ɗayar, domin da wuya ƙafafu biyu su zo daidai. Ya lura da ƙashin nan da ya ɗan fito gefen babban yatsa, ya bar masa wuri. Ga ƙamshin fatar da aka jeme da bagaruwa, ga basilla da zare mai kakin zuma, yana huda yana ja har ki ji ɗinkin ya ce ƙit. Makon farko za ta ɗan yi tauri, ki shafa mata man kaɗe, daga nan sai ta bi siffar ƙafarki ta kwanta. In ƙasan ya cinye a sake wani, in maɗauri ya tsinke a ɗinka, ba sai an yar ba. Ranar Talata a kasuwar Mafara ba a rasa masu wannan aiki da masu gyara, wadda kuma ke da mai zuwa Kano ta ba da saƙo Ƙofar Wambai, ko ta nemi irin faffaɗan nan na Buzaye da ke zuwa daga Nijar, wanda aka yi shi don rairayi mai zafi. Yana fin na roba tsada nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar na kanti ba, kuɗin kuma a aljihun ɗan gari zai kwana. Wayyo daɗi.

In kuma na kanti ko na gwanjo za ki saya, don a gwanjo ma ana dace da na ƙwarai, to kada ki je da sassafe. Ƙafa tana ɗan kumbura in yini ya yi nisa, wanda ya yi miki daidai da hantsi zai iya matse ki da la'asar. Ki sa duka biyun, ki miƙe, ki taka zuwa bakin rumfa ki dawo, kada kunyar mai kaya ta hana ki. Ki bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmin. Ki lanƙwasa shi, ya kamata ya karyo ta wajen yatsu inda ƙafa ke lanƙwasawa, in ya naɗe ta tsakiya ba zai riƙe ki ba. Ki leƙa bayan fatar, ta gaske tana da gashi-gashi, ta jabu yadi ne a manne. Ki duba ko ɗinki ne ko gam kaɗai, domin zafin bazararmu ba ya raga wa gam. Sai kuma maganar nan da duk masu takalmi suka haddace: "Hajiya, ai zai buɗe." Fata tana ɗan buɗewa a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo, roba kuwa sai dai ƙafarki ta ba da kai. Mu dai mu yi murmushi mu ce Allah ya kawo kasuwa, Alhaji, hahaha.

Ba kuma zan yarda a ci zarafin na roba ba, yana da ranarsa. Da damina ta sauka, lungu ya cika da taɓo, wa zai kai fatar kuɗi cikin caɓi? Wurin wanki da wanke-wanke da alwala, shi ne sarki. Laifinmu ɗaya, mun mai da shi na ko'ina, kuma ba ma rabuwa da shi in ya mutu. Da hunturu ma shi ke barin diddige a waje, iska ta busar, ƙura ta shiga, faso ya tsage har taka ƙasa ya gagara. Rufaffen takalmi da safa da ɗan man kaɗe da dare sun fi duk wani dutsen goge kaushi.

Akwai kuma inda ba a ma tsayawa ciniki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, rayuwar mutanenmu daga Maradun zuwa Mafara da Bakura ta ɗaure da noman rani, mazanmu da 'ya'yanmu suna yini cikin ruwan shinkafa da bakin kwata. A irin ruwan nan mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya, ta fata ƙwayar ke shiga, ba sai an sha ba. A cikin ciyawa da lokacin girbi kuma ga kububuwa, kuma yawancin sara a ƙafa ne ko ƙauri. Dogon takalmin roba mai kai wa gwiwa yana da zafi, yana da nauyi, samari suna ƙinsa, amma ki kwatanta kuɗinsa da kuɗin allurar sarar maciji da hayar motar da za ta kai mutum asibiti cikin dare. In maigida ya ce tsada, ki ce ke kin ji kin gani, a cire daga kuɗin ankon bana. Kuma mun san shekarun nan da rashin tsaro ya sa mutanen ƙauyuka tafiyar da ba su shirya ba, mun ga mata sun iso gari da goyo, takalmi ya tsinke a hanya, ƙafa duk ƙaya. Wadda ke da na lefe a ajiye masu faɗin ƙasa, ta san inda za su yi amfani. Allah ya kawo mana sauƙi, amin.

Mu ɗan taɓa maza kafin su ce mun manta da su. Su matsalarsu ƙofar masallaci ce. Mutum ya sayi sau-ciki mai tsada, ranar Juma'a ya rasa inda zai ajiye, ya raba ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, ko ya cusa a leda ya sa gaban sahu, liman na karatu zuciya na bakin ƙofa. Wani yayanmu cewa ya yi shi ya huta, na masallaci daban, na ofis daban, kuma na masallacin ko an bar shi kwana uku ba mai ɗauka. Wannan ma hikima ce, domin takalmin da zai raba ka da natsuwa a salla ya karɓi fiye da kuɗinsa. Masu niyyar Makka kuma, maza da mata, don Allah kada a tafi da sabo fil a jaka. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ga tafiyar Mina zuwa wurin jifa a cikin rana, ƙasa tana ƙuna. A saya tun da wata biyu, a taka shi nan gida ya saba da ƙafa, a riƙe 'yar jakar saka shi, don alhazai da yawa sun ƙone tafin ƙafa saboda silifas ya ɓace a cunkoso. Allah ya kira mu gaba ɗaya, mu je mu gwada namu, hahaha, amin.

Na yara ba sai mun daɗe ba. Iyayenmu suna ba da labarin sandal ɗin Bata na makaranta da wa ke sawa ya bar wa ƙane, amma ƙafar yaro ba ta jira, kafin takalmi mai tsada ya tsufa ta wuce shi. A saya matsakaici mai ɗinki, a bar ɗan sarari kaɗan, ban da irin wanda muke saya da lamba biyu a sama mu cusa tsumma a baki, yaro yana tafe yana ja.

Waɗanda nake so mu fi kashe wa kuɗin su ne tsofaffinmu, musamman masu ciwon suga. Ciwon nan in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, tsakuwa ta shiga takalmi ko ƙusa ta leƙo, mutum ya yini yana takawa bai sani ba, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, wani har ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Likitoci suna ta nanatawa, kada mai suga ya yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ya sa mai faɗi mai taushi wanda ba ya gurza, a zura hannu a laluba cikinsa kafin a sa, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum. Ko ba suga, tsohuwa da silifas mai santsi a bakin rijiya abin tsoro ne, faɗuwa ɗaya ƙugu ya tafi. A nan kam kwalliya tana biyan kuɗin sabulu har da riba.

Sai dai wa zai shawo kan Innarmu? Mun kai mata mai kyau da sallar bara, ta sa albarka, ta naɗe shi a zane ta tura ƙasan adaka, ta ce sai ranar fita kunya, ta ci gaba da jan tsohon nata mai ƙusa. Shi ya sa muka yanke shawara bana ba na kanti za a saya ba, kwali za a kai a zana ƙafarta, a ba baduku ya yi mata marar ado ko kaɗan, wanda ba za ta ga ya cancanci adaka ba, kuma ba mai faɗa mata kuɗin. Mu 'ya'ya ba mu isa mu ce ta taka kwali ba, sai muka tura jikanta, abokin wasanta. Ya durƙusa da biro ya ce, "Tsohuwa, kawo ƙafar in auna, na lefenki zan yi, na gaji da jira." Ta ɗaga carbi kamar za ta make shi, tana dariya har da hawaye, ta miƙo ƙafar ta ce, "Ja'iri, auna da kyau, in ya matse ni na fasa auren!"